Haulat da Daktocinta Biyu

Haulat Abdulbaƙi 'yar Azare ce. Shekararta shida tana aikin jinya a wani asibiti a Al Rayyan, can ƙasar Larabawa, a ɗakin tsofaffin da suka daɗe a kwance. Hannunta da sauƙi, tana juya tsoho bai farka ba. Shi ya sa da za a yi bincike kan gyambon da doguwar kwanciya ke jawowa, aka ce ita za ta riƙe takardun.

Mata biyu ne ke jan binciken, dukansu nas, kuma dukansu Dakta ake ce musu. Dakta Maimunat digirinta na uku a kan bincike ta yi shi. Dakta Shetu, mutuniyar Kumasi, nata a kan gyara aikin jinya ne a bakin gado. Haulat ta ɗauka duk abu ɗaya ne.

Ranar farko Maimunat ta ce wa Haulat kada ta canza komai har wata uku, abin da ta gani kawai za ta rubuta. Kafin azahar Shetu ta shigo ta ce daga yau a riƙa juya kowa duk bayan awa biyu, tunda an riga an san yana hana gyambo.

Haulat ta rasa wadda za ta bi, kuma ta ji nauyin tambaya. Sai ta yi duka biyun: tana juyawa, tana rubutawa.

Bayan mako biyar Maimunat ta duba takardun, ta ga gyambo ya ragu sosai. Maimakon murna, sai ta ɓata rai.

"Wa ya ce ki canza?"

"Dakta ce, ranki ya daɗe."

"Wace Daktar?"

Ashe matan biyu ba su taɓa zama sun tsara wadda za ta fara ba. Suka yi awa guda suna musu da Turanci, Haulat na zaune tana jin kalmomin amma ba ta gane inda rigimar take ba. Daga ƙarshe Shetu ta ce a ɗauko takardun bara, na kafin a canza komai, a gwada da na bana. Maimunat ta ce kalas, wato shi ke nan, hakan ma zai yi.

Suka gode wa Haulat, suka sa sunanta na uku a rahoton. Da yamma mijinta Garzali ya zo ɗaukarta zuwa gida a Mu'aither, ya tambaye ta ko laifi ta yi ko abin kirki. Ta ce wallahi ba wanda ya gaya mata, sai dai an ce ranar Lahadi ta zo da wuri, za a fara wani binciken.