Ruwan Tsatsa da Mai Neman Ɗiyata

Jirgin ƙasan da na shiga zuwa Lyon bai gama fita daga Paris ba ɗiyata ta bugo waya. "Papa, in ya tambaye ka sana'a, ka ce kasuwanci. S'il te plaît, don Allah." Wanda take nufi likita ne ɗan Kano, asibiti ɗaya suke aiki a Lyon, kuma aurenta yake nema. Na ce to. Shekara da shekaru ina saɓa cinyar saniya a kafaɗa cikin dare a Rungis, ai nan ma kasuwa ce. Abin da ta fi tsoro shi ne na kafin nan: shekara bakwai na yi ina haƙar zinariya a gida, na fito da tari da wando ɗaya.

Yaron ya tarbe ni har da rusunawa, sai Alhaji yake ce mini. Ni da ko Agadas da ƙyar na kai. Na gyara hula na amsa.

Washegari ya ɗauke mu a mota zuwa wani ƙauye cikin duwatsu, wai akwai idon ruwa mai magani, zai taimaki gwiwata. A hanya yana ba mu labari: a da an ga zinariya a nan, mutane suka yi ca, da ta ƙare suka watse. "Alhaji, irin mutanen nan jahilci ne ke kashe su. A wurinmu ma haka ne, mai hankali ba ya shiga rami." Ɗiyata ta kafe ni da ido ta madubi. Na kalli shanun Faransa.

Ruwan yana fita ta bakin wani tsohon famfo, dutsen da ke ƙarƙashinsa ya yi jawur. Wata tsohuwar Bafaransa ta miƙa mana ƙananan kofuna, ta ce kurɓi kaɗan ake yi. Likita ya kurɓa ya tofar a hankici. Ɗiyata ko shaƙa ba ta gama ba ta mayar.

Ni kuwa da ya taɓa harshena, na gane shi. Tsatsa, ɗan gishiri, warin ƙwan da ya kwana biyu. Irinsa ne ke tsattsafowa a gindin rami, wanda muke sha da tafin hannu in an makara da sauko mana da bidon ruwa. Na shanye. Na sake tarawa. A na huɗu na aje kofin, na durƙusa da gwiwar da aka kawo magani, na sa hannu biyu.

"Alhaji, a hankali! Kamar ka saba."

"Na saba. Gaba goma sha biyu ƙarƙashin ƙasa na saba da shi."

"Papa..."

"Bari, ɗiyata. Ɗana, ban je Makka ba, lakwal ma wata uku na yi aka kore ni saboda na ɗaure akuyar malam a cikin aji. Rami na shiga. Jahilan da ka ce, da su na ci tuwo, biyu da hannuna na tono su. Yanzu nama nake ɗauka. Wannan da kake so, da wannan kafaɗar aka yi mata karatu. In ka ji ba ka iyawa, ga motarka, ni akwai kar ta haya da ke zuwa Lyon."

Bafaransar ba ta ji ko kalma ba, amma ta cika wani kofin ta ba ni.

Har Lyon ba wanda ya yi magana sai cikina, don ruwan yana da aikinsa. Sau uku aka tsaya mini a hanya, ina fita ina taku kamar sarki.

Ɗiyata ta yi sati biyu ba ta ɗaukar wayata. A na uku shi ya kira, ya ce Baba, yaushe kawunnansa za su zo gidana a Clichy. Na ce su zo bayan la'asar, da safe barci nake. Da babbansu ya tambayi sana'ata, na faɗa masa duka biyun, na fara da ramin.