Tsadar Kaka

Wata Asabar a farkon daminar 2015 na ga Kaka ta ture kwanon tuwo da miyar yakuwa, ta juya wa kowa baya, ta ce, "Tsada." Mahaifiyar babanmu ce, rikici ya koro ta daga ƙauyensu na wajen Hong zuwa gidanmu a unguwar Luggere cikin Jimeta, kuma tun zuwanta take ta ramewa. Hausarta tsintacciya ce. Mama ta ɗauka tsadar abincin Jimeta ce ta sa take tausaya mana, har ta riƙa rantse mata cewa masarar kyauta aka ba mu. Ni kuwa, uwar son jin ƙwaƙwaf, na lura ko ruwan saman da muka tara a randa aka miƙa mata, kalmar ke nan. To, wa ke sayen ruwan sama?

Na kai ƙorafina wurin maƙwabcinmu Bappa Hammadu, mai gona a Mbamba. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Yarinya, ba kuɗi take faɗa ba. Ɗan itace ne, mu Fulani caɓɓulle muke ce masa."

A lokacin kowa tsoron daji yake, sai da Bappa ya sa baki Mama ta bar ni na bi shi. Bayan gonarsa, cikin kalgo da taura, muka same ta kusa da wani suri: gajeruwar bishiya mai ƙaya, da sauran fararen furanni masu gashi-gashi da ƙamshi. 'Ya'yan rawaya ne, ƙwallo ya fi tsokar yawa. Na ɗanɗana ɗaya, tsami ya kashe mini haƙora. Na yi ta mamakin abin da mutum zai gani a wannan har ya ƙi tuwo. Duk da haka na cika ɗankwalina, ƙaya na yagar hannuna.

Kaka ta shinshina, ta tsotsa, ta yamutsa fuska, hawaye na bin kumatunta. Can ta ce, "Na bayan gidana ya fi tsami. Kawo tuwon."

Bara na koma wurin. Masu gawayi sun gama da dajin, gidajen bulo sun hau kan surin. Kaka ta rasu a Jimeta, ba ta sake ganin ƙauyensu ba. Ina kewarta ƙwarai. Ashe gida take kira, mu muna lallashinta da masara.