Tutar Surukina a Kan Birnina

Jiya muna fitowa daga coci a Kafanchan na duba waya, sai ga tutar surukina a kan babban birnina.

Wasan gina ƙasa muke yi a waya, ni da shi da wasu, kowa yana jiran layinsa. Na zuba ƙarfina a binciken kimiyya, na yi ganuwa ta ko'ina ban da iyakata da Baba. Ta yaya zan jera sojoji a ƙofar wanda ya ba ni 'yarsa?

Na same shi yana jiran mashin zuwa Kwoi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, har da ni?"

Ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, Saratu na ba ka, ban ce ba zan ci garinka ba. Na daɗe ina kallon wurin a buɗe, har ni na ji maka kunya."

Ƙauye ɗaya ya rage mini. Na dakatar da bincike, na koma horar da maharba, na kuma ƙulla ƙawance da Emeka, maƙwabcin Baba ta gabas a wasan. Lahadi mai zuwa zan durƙusa masa kamar kullum, amma birnina sai ya dawo.

Ku faɗi gaskiya, da ku ne, za ku yi wa suruki ganuwa?