Shekarar da na shafe zaurenmu da siminti

Gidanmu yana cikin tsohon gari a Talata Mafara, a wani lungu da mota ba ta shiga, ko mai babur sai ya yi a hankali. Ba gidan sarauta ba ne, ba kuma na attajiri ba. Kakanmu manomi ne da ya taso daga Damri, ya fara da zaure ɗaya na tubali, ya rufe shi da azarar giginya da aka ce a kan jakuna aka ɗauko daga wajen Maradun. Sauran ɗakunan daga baya suka biyo. Duk lokacin da aka yi aure ko wani ya girma, sai a lanƙwasa katanga a ƙara ɗaya, shi ya sa babu bango ko ɗaya a gidan da ya miƙe sosai. Kaurin bangon zauren ya kai kamu biyu, ƙofarsa kuwa gajera ce, komai girman kanka sai ka sunkuya. Da bazara, in ka shigo daga rana, sanyinsa kamar ka leƙa cikin randa.

Da muka girma kowa ya kama gabansa, wasu Bakura, wasu Gusau. Gwaggo, yayar babanmu, ita kaɗai ta rage a ciki. Amma ginin ƙasa ba ya yarda a manta da shi. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an yi yaɓe, kuma dole kowa ya zo. Maza su naɗe wando su taka ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a hau soro a toshe tsaga, a gyara bakin indararo. Mata su cika tsakar gida da daka da surutu. Ranar ce kaɗai gidan ke cika, kuma gwaggo ta fi ɗokinta a kan Sallah. Tun ana saura mako take fara faɗa da kowa, abin da ke nuna ranta fari ne ƙal.

Sai na samu aiki a ƙaramar hukuma, kaina ya ɗauki zafi irin na sabon ɗan boko. Na ce wace irin wahala ce wannan, kullum shekara mutane da furfurarsu suna dama taɓo? Na kawo siminti na ce a shafe zauren ciki da waje a huta. Tsohon maginin unguwarmu ya ja ni gefe ya ce ƙasa da siminti ba sa zaman lafiya, bangon ƙasa yana shan ruwa ya fitar, in na rufe shi, ta ciki zai ruɓe. Na ɗauka sana'arsa yake karewa. Gwaggo kuwa ta dubi buhunan, ta ce Allah ya yi albarka.

Zauren ya yi kyau, ba ƙarya. Har fenti na sa aka yi masa. Shekara uku ba a yi yaɓe ba, shekara uku kuma babu wanda ya zo, sai gaisuwa ta waya. Ni da nake cikin gari nakan biya in tarar da ita zaune ita kaɗai tana ɓare gyaɗa, ta tambaye ni labarin na Bakura ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin haka, amma a raina hutar da ita na yi. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

A damina ta huɗu simintin ya fara kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko. Wata safiya bayan ruwa mai ƙarfi, maƙwabci ya kira ni ya ce gefen zauren ya zube. Na garzayo. Simintin yana ƙasa ɓare-ɓare, bangon da ke bayansa ya jiƙe sharkaf ya zaizaye. Azarar kakanmu ce kawai ta riƙe rufin, ba ta ko motsa ba.

Na sunkuya na shiga ina shirya kalmomin ban haƙuri. Na tarar da gwaggo a tsakar gida ta jiƙa gero a babbar ƙwarya, ta fito da tukwanen da na daɗe ban gani ba. Ashe tun da sassafe ta sa an kira na Bakura da na Gusau, ta ce musu gidan ubansu zai faɗi, duk wanda bai zo ranar Asabar ba kada ya ƙara kiranta gwaggo.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, ni na ja wannan ɓarnar."

Ta ɗago ta dube ni, hannunta cikin gero, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

"Tashi, ɗana, bar ba ni haƙuri. Shekara ukku ina roƙon Allah shi kada simintin ga naka."