Katin Yaya a Cikin Shanyar Kuɓewa

Yayana ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan dawa. Da safe ya sha kokonsa a tsaye kamar yadda ya saba, ya hau babur ya nufi gonarmu ta wajen Burumburum. Kafin azahar aka kawo shi gida a bayan motar wasu 'yan hatsi. Waɗanda ke tare da shi sun ce cewa kawai ya yi ƙirjinsa na masa nauyi, ya je ya zauna a gindin ɗorawa, da suka leƙa shi sai suka tarar rai ya yi halinsa. Mutumin da ban taɓa ganin ya sha ko maganin ciwon kai ba. Ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada aka aiko a kira ni, har na iso ƙofar gida ina tsammanin Inna ce jikinta ya tashi. Da na ga Inna zaune lafiya lau mata sun kewaye ta, sai na tsaya ina ƙirga fuskoki, na rasa wa ake yi wa kuka.

Sana'arsa zanen katin gayyata da fostoci da haɗa bidiyon biki, a wani ɗaki da ke jikin zaurenmu. Kwamfutarsa ba irin manhajar da kowa ya sani ce a kanta ba. Linux ce, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suke rubutawa su bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya ga ɓaraka ya faɗa, wanda ya iya ya ɗinke. Nakan tsokane shi in ce gayya ce ta mutanen da ba su taɓa gaisawa ba, kuma ko fura ba a damawa. Shi kuwa ko a jikinsa.

A cikin kwamfutar akwai katin hoto, wato abin da ke zana duk abin da ido ke gani a kan allon. Baƙi ne, tsawonsa kamar tafin hannu biyu, da 'yan fankoki a jikinsa. Tsoho ne, na hannu ya saya. Akwai kuma wata ƙaramar manhaja da ke yin tafinta tsakanin katin da kwamfutar, direba suke ce mata, to a nan matsalar take. Idan aiki ya yi nauyi sai allon ya farfashe, ya koma zane-zanen kore da shunayya, komai ya daskare. Domin ya kama matsalar a hannu, Yaya yakan kunna wani gwaji da ake auna ƙarfin kati da shi. Wani birni ne na ƙarya, kyamara tana shawagi a kansa, lamba a kusurwa tana nuna hotuna nawa katin ke zanawa a daƙiƙa. Kullum birnin yana tafiya sumul har a iso wata gada mai ruwa a ƙarƙashinta. Katin Yaya bai taɓa haye gadar nan ba.

Ranakun Asabar ni ce mai karanto masa lambobin yana rubutawa, ina yi ina mita.

"Yaya, don Allah ka sayi sabo mana, ka huta mu huta."

"Auta, ke kina ganin ni kaɗai ke da irin wannan katin? Duk talakan da ke wannan aikin tsohon kati gare shi. In aka gyara nawa an gyara nasu."

Ya daɗe yana kai ƙara wurin masu rubuta direban, da Turancinsa mai kama da aikin gida na 'yan aji uku. Wata mata a cikinsu ta ɗauki abin da muhimmanci. Ta gaya masa ba ta da irin katin, kuma babu wanda ya rage yana amsa mata sai shi. In ba a samu mai gwadawa ba, za su rufe maganar, irin katin ya ci gaba da zama da ciwonsa. Ana gobe zai rasu ta aiko da gyaran da ta yi, ta ce ya gwada. Da yammacin nan ya cire katin daga kwamfutar don ya kakkaɓe shi tukuna, ya ajiye a wani farantin silba a kan tebur, ya ce mini in Allah ya kai mu Asabar za mu ga ko za a haye gada.

Ban tuna da wannan magana ba sai bayan sadakar bakwai, ranar da aka ce za a wanke kayansa a bayar. Gwaggo ce ta ɗauki nauyin aikin, ƙanwar mahaifinmu da ta zo daga Kiru. Gwaggo irin matan nan ce da ba su iya zaman makoki hannu sake ba, sai dai su huce baƙin cikinsu a kan tukwane. Na fita raka wasu baƙi bakin titi, na tsaya karɓar gaisuwa a hanya, na dawo na tarar da tsakar gida cike da shanya. Rigunansa a kan igiya, takalmansa a jingine da katanga, kofin shayinsa a kife. A can gefe kuma, kan tabarmar da Inna ta baza kuɓewa, na hango wani baƙin abu yana ƙyalli, ruwa na ɗiga daga fankarsa.

Na yi mutuwar tsaye. Sai da na ƙifta ido na sake dubawa. Katin ne, kwance tsakanin kuɓewa da cokula, fes da shi.

"Gwaggo! Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce mana. Ai ba ki ga dauɗar da na cire masa ba. Har da gidan gizo-gizo. Sai da na jiƙa shi tukuna sannan ya saki."

"Kika jiƙa shi?"

"Da garin sabulu, na bi shi da soso. Ba wani ƙarfen risho ba ne?"

Ni dama Allah bai yi ni da sanyin zuciya ba, duk gidanmu an sani. Na buɗe baki, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce wa ya aike ta, na ce mutum ya shiga ɗakin da bai san kansa ba ya kama jiƙa kaya, na ce da ta ga kwamfutar ma ai sai ta kai ta rijiya. Matan da ke tsakar gida suka saki baki suna kallona. Gwaggo ta tsaya da soso a hannu, ta ce, "Ni dai na ga bai kamata a bar masa kayansa da datti ba." Muryarta ta karye a kan "masa". Inna ta kira ni sau ɗaya da muryar da ba ta maimaitawa, na je na durƙusa na ba Gwaggo haƙuri. Haƙurin na bayar, amma ban huce ba.

Na ɗauki katin da gefen mayafina na shiga ɗakinsa na rufe ƙofa. Tun ranar da aka kawo shi ban yi kukan kirki ba, sai a nan. Abin da nake ji shi ne an sake kashe mini shi, wannan karon da sabulu.

Akwai wani abokinsa mai gyaran waya a Bebeji, shi na kira. Da na faɗa masa, ya yi salati har sau biyu.

"Kin jona shi a wuta?"

"A'a."

"To kada ki kuskura. Ko da wasa. Ruwa ba ya kashe shi sai in ya haɗu da wuta. Ina zuwa ranar kasuwa."

Ya zo, ya kwance katin gunduwa-gunduwa a kan jarida, ya wanke shi da sifirit da wani tsohon buroshin haƙori, yana girgiza kai yana cewa Allah ya saka wa Gwaggo. Ya shafa sabon man da ke hana shi zafi, ya mayar da komai, ya ce in bar shi ya sha iska har sai na gaji da jira, sannan in ƙara. Da na tambaye shi ko zai tashi, ya ce shi dai ba zai yi mini alkawari ba.

A cikin kwanakin jiran ne na buɗe kwamfutar Yaya da ɗan katin da ke jikinta na asali, na nemo inda suke magana da matar nan. Ta riga ta sake tambaya ko ya samu damar gwadawa. Na rubuta mata cewa mai katin ya rasu, ni ƙanwarsa ce, kuma an wanke katin da ruwa. Na daɗe ina kallon jimlar ƙarshen nan, don ko ni da na rubuta ban yarda da ita ba. Washegari ta amsa. Ta yi mini ta'aziyya da kalmomi kaɗan, ta ce ba dole sai na yi ba. In kuma ina so, ga yadda zan yi, ta jero mini daki-daki kamar mai koya wa yaro alwala. Ta ce in fara da tsohon direban. Dole a ga ciwon yana nan kafin a ce magani ya yi aiki, in ba haka ba gwajin bai nuna komai ba.

Wannan ya ƙara mini fargaba. Ashe ba tashin katin kaɗai nake nema ba, sai ya tashi da ciwonsa. In ya tafi lafiya da tsohon direban, to ke nan datti ne tun farko, Yaya ya ɓata watanni yana damun baiwar Allah a kan gidan gizo-gizo.

Na zaɓi wata Asabar da hantsi, lokacin da wutar solarmu ke da ƙarfi. Gwaggo ta riga ta koma Kiru, gida ya yi tsit. Na cusa katin a gurbinsa da bisimilla, na danna. Fankokin suka motsa, suka juya. Allon ya kawo haske. Abin da aka jiƙa, aka dirje da soso, aka shanya da kuɓewa, ga shi yana numfashi.

Na kunna gwajin. Birnin ya fito, kyamara ta bi ta kan rufin gidaje, lambar kusurwa tana hawa tana sauka. Ban san lokacin da Inna ta zo ta zauna a dokin ƙofa da tiren gyaɗa a cinyarta ba. Aka zagayo hasumiya, aka gangaro, ga gada can. Kyamara ta taka kan gadar, ruwan ya fara walƙiya, sai allon ya tarwatse, kore da shunayya, komai ya tsaya cak.

"Alhamdulillahi!" Da ƙarfi na faɗa, har kaji suka watse a waje.

Inna ta leƙo. "Ya gyaru?"

"A'a Inna, ya lalace! Ya lalace yadda ya saba!"

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ake tunanin a nemo masa rubutu ya sha. Ni kuwa ina dariya hawaye na zuba. Yaya ya yi gaskiya, ciwon na nan inda ya ce, ba datti ba ne.

Na kashe na kunna, na bi abin da matar ta rubuta layi bayan layi, ina duba kowane harafi sau biyu. Sabon direban ya hau. Na sake sakin birnin. Rufin gidaje, hasumiya, gangara, gada. Na rufe ido ɗaya. Kyamara ta hau gadar, ta bi ta kan ruwan a hankali, ta sauka a ɗaya gefen. Ashe akwai kasuwa a can, da rumfuna da fitilu, da wani dogon titi mai bishiyoyi. Duk Asabar ɗin da muka yi a ɗakin nan, ba mu taɓa sanin akwai su ba. Na saki baki ina kallo har gwajin ya kai ƙarshe, lambar ma ta fi ta da. Na maimaita, ya sake hayewa. Nan take na kwashe sakamakon na aika wa matar, na ce ya yi, kada ta rufe maganar sai ta saka gyaran kowa ya samu.

Sai na juyo wurin Inna, ina jin kaina kamar wadda ta sauke dami.

"An gama, Inna. Abin da yake ta fama da shi ya gyaru."

"Wato yanzu ba zai ƙara tsayawa ba?"

"Ba zai ƙara ba, in sha Allahu."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ba ta ɗago ba. Na ɗauka ba ta gane girman abin ba ne, har na buɗe baki zan yi mata bayani irin namu na malaman makaranta.

"Ke kina wurin aiki, ba ki sani ba," in ji ta. "Yaron nan in ya shiga ɗakin nan tun safe, ba na ƙara jin ɗuriyarsa. Sai in abin nan ya tsaya masa. Sai in ji ya ja tsaki, ya fito ya ce bari ya ba shi wuri ya huce. Ya zo ya zauna kusa da ni a bakin murhu, ya karɓi abin da ke hannuna yana taya ni, mu yi ta hira. Wata rana sau biyu, wata rana har sau uku."

Ta hure ɓawon da ke tafin hannunta.

"Yakan ce in sa masa albarka abin ya gyaru, in ce to. Allah dai ya yafe mini, Auta, ban taɓa roƙa masa ba ko sau ɗaya."

Ta tattara tirenta ta miƙe, ta dafa bango, ta ce in kashe in zo mu ɗora girki.