Ungozomar Yis

Gwaggona ta yi shekara ashirin da uku tana karɓar haihuwa, amma ba ta taɓa ɗaukar jariri a wurin aiki ba. A ɗakin bincike na wata jami'a ta yi aiki, idonta manne da madubin da ke ƙara girman ƙananan halittu. Yis take kallo, wannan dai da ke kumbura burodi. Ƙwayar yis takan yi ɗan ƙullutu a gefe, ya girma ya zama 'ya. Aikin Gwaggo ta sa allurar gilashi mai sirantar gashi ta janye 'yar, ta rubuta a littafi, ta jira ta gaba, har uwar ta tsufa ta mutu. Shi ya sa ɗalibai ke ce mata Ungozoma. Ko kaɗan ba ta jin haushi. Burinta ɗaya ne a duniya, ta ga sunanta a takardar binciken da ake bugawa, ko da a can ƙarshen layi.

Farfesan da take wa aiki ya kafe a kan cewa ƙwayoyin gado kaɗai ke yanke tsawon ran yis. Gwaggo kuwa ta lura da wani abu. Wata rana ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, 'ya'yan da uwa ta haifa da tsufa ba sa ƙarko. Kamar da gajiya ake haifarsu."

"Ungozoma, idonki ne ya gaji," in ji shi. "Ki je a canza miki tabarau."

Ta canza tabarau, ta kuma sayi littafi na dabam. Shekara huɗu tana bin 'ya'yan tsufa ɗaya bayan ɗaya, har hannunta ya fara rawa, aka sallame ta da agogon bango. Littattafan ta bar su a kan kantar ɗakin binciken, wai ko za su yi wa wani amfani.

Sun yi kuwa. Wani ɗalibi mai neman digirin dakta ya bi lissafinta, ya gano dalili: tsohuwar uwa kan miƙa wa 'yarta lalatattun maitokondiriya, 'yan murhun da ke ba ƙwaya ƙarfi. Har gida ya zo, ya durƙusa.

"Mama, wannan aikin naki ne. Sunanki zai fito."

Gwaggo ta gaya wa maƙwabta, ta gaya wa mai kanti, ta gaya wa direban da ke kai ta asibiti. Ni tun lokacin nake shakka, domin na san mutanen jami'ar nan, kuma har yau ban yafe musu ba.

Ranar da takardar ta fito, na bugo ta na kawo mata. Rubutun ya yi wa idonta ƙanƙanta, sai ta zauna a bakin taga ta ce in karanto sunayen. Bakwai ne. Na karanta su a hankali, har na shugaban sashe da bai taɓa leƙa ɗakin ba.

"Kin tsallake layi, 'yar nan."

"Ban tsallake ba, Gwaggo."

"To juya baya. Akwai inda suke godiya."

Na juya. Layi biyu ne kacal. Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi.

"Wa suka gode wa?"

"Kamfanin da ya ba su sukarin ciyar da yis kyauta."