Abokin Koci

Shekara ashirin da takwas Malamin Lissafi ya yi yana zama a teburin da ke kusa da na Koci, malamin wasanni, a ɗakin malamai, kuma babu shekarar da bai nemi a canza masa wuri ba. Ƙarƙashin teburin Koci cike yake da ƙwallayen ƙarfe da fayafayan jifa, ga kuma masu na jifa a jingine bayan ƙofa. Da an buga ƙararrawar tashi yara za su cika wurin suna warin gumi.

"Koci, yau na ƙara taku biyu!"

"Ai na gaya maka, daga ƙugu ƙarfin yake fitowa, ba daga hannu ba. Cire kafaɗar nan daga kunnenka."

Shi Malamin Lissafi ba mai zuwa wurinsa sai wanda aka turo a hukunta. Ga shi kuwa ya iya koyarwa, shi ma ya sani.

Rana ɗaya suka yi ritaya, kuma layinsu ɗaya, don haka tare suke fita. Nan abin ya fi cin ransa. Direban babbar mota, tsohon ɗalibinsu, zai taka birki ya diro ya rungume Koci. Makaniki zai goge hannu a riga ya rugo. Sai an gama murna sannan a juyo gare shi: "A'a, Malam, kana nan ashe?"

Wadda ta fi ƙona masa rai wata likita ce. Shekara biyu yana ba ta ƙarin darasi bayan an tashi har ta ci jarrabawa. Ran da ya raka Koci asibiti ta fito da gudu, ta gaya wa ma'aikatan jinya, "Ga wanda ya mai da ni mutum. Lokacin da kunya ke neman kashe ni, shi ya ɗora min ƙwallon ƙarfe a wuya ya ce in yi ihu in jefa." Shi kuma ta nuna shi ta ce, "Wannan abokin Koci ne."

A gida ya kasa cin abinci.

"Jifa fa!" ya ce wa matarsa. "Jifan da ko mahaukaci ya iya!"

"To kai ma da ka riƙa sakar wa yaran fuska mana," in ji ta. "Ci abincinka."

Da Koci ya rasu, ya yi kukan da ya ba shi mamaki. Amma da ya ga layin ya toshe da motocin tsofaffin ɗalibai, sai ya kama kansa yana ƙirga su, yana tunanin nawa za su zo nasa.

Ɗaliban suka haɗu suka sake zuba simintin da'irar jifa, suka sa gasa duk shekara don tunawa da shi. Malamin Lissafi ya je da abin awonsa, ya durƙusa, ya gano da'irar ta gaza da yatsa biyu. Ya faɗa da ƙarfi, har da ɗan jin daɗi. Maimakon su ji haushi, sai suka roƙe shi ya zama mai awon gasar.

Bana karo na shida ke nan. Yana zuwa da wuri, awonsa ba ya kuskure, ba ya kuma tafa wa kowa. In an fara jawabin yabon Koci, sai ya sunkuya ya shiga naɗe igiyar awo a hankali har a gama.